Kyamara Marar Madubi ko ta Aljihu: Wacce Za Ka Saya?

Makiyaya da 'yan kasuwar kan iyaka, daga Illela zuwa Konni, daga Jibiya zuwa Maraɗi, daga Maigatari zuwa Magarya, barkanku da war haka. A shirin wannan makon mun taɓo maganar kyamarar ɗaukar hoto, ga kuma bayanin a rubuce saboda wanda bai samu saurare ba, ko wanda yake son ya riƙe takardar a hannu ranar da zai je saye.

Yau ciniki da yawa ta hoto ake fara shi. Dillali yana kara, mai saye yana Kano ko Legas ko Yamai, sai ya ce a turo masa ragon ta WhatsApp kafin ya turo kuɗi. Makiyayi kuma, in Allah ya kawo tsautsayi aka kore masa shanu, hoton da ya nuna launin saniya da tsarin ƙahonta da shaidar da ke jikinta yana taimaka masa gaban sarkin tike ko hukuma. Ga samari da ke son su mayar da ɗaukar hoton biki da suna sana'a. To wanda ya ga waya ba ta isar masa, kyamara iri biyu zai fi cin karo da su a kasuwa: marar madubi da ƙaramar nan ta aljihu.

Bari mu fara da sunan. Manyan kyamarorin da muka saba gani a wuyan masu hoto suna da ɗan madubi a ciki, shi ke karkato haske zuwa ramin da mai hoto ke leƙawa. Marar madubi an cire mata wannan madubin. Haske yana faɗawa kai tsaye kan wani ɗan faranti da masu gyara ke kira sensa, kai kuma kana ganin hoton a allo kafin ka danna. Kamfanin Panasonic ne ya fara fito da irinta a 2008, yanzu kuwa Sony da Canon da Nikon da Fujifilm duk suna yi. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, idonta, wato bututun gilashin nan na gaba, ana kwance shi a ɗaura wani. Ta aljihu kuwa idonta a manne yake. Yadda ka saye ta haka za ku rabu.

Kyan hoto yawanci daga girman sensa yake. A yawancin marasa madubi masu matsakaicin kuɗi, irin su Sony A6000, sensa ta kai kusan milimita 23 da rabi a tsawo, 15 da rabi a faɗi. A ƙananan kyamarorin aljihu na gama-gari kuwa, kusan milimita 6 ce da 4 da rabi. Wato ta farkon ta ninka ta biyun kusan sau 13 a fili. Ka ɗauka kamar ka ajiye babban daro da ɗan kofi a tsakar gida ana ruwan sama, ai ka san wanda zai fi tara ruwa. Haka sensa take da haske. Da rana tsaka ba lalle ka ga bambanci sosai ba. Amma da asuba kafin kara ta cika, ko da magariba lokacin da garke ke dawowa, ko cikin rumfa mai duhu, hoton ƙaramar sai ya fito da dishi-dishi, baƙar saniya ta koma kamar inuwa, dabbar da ta motsa kuma ta yi hazo. Akwai 'yan aljihu masu babbar sensa, kamar Sony RX100 da Ricoh GR da Fujifilm X100, sai dai kuɗinsu kan kamo na marar madubi, wani lokaci ma ya wuce.

Kada lambar megafiksil da aka rubuta a kwali ta ruɗe ka. Kasuwa cike take da ƙananan kyamarori marasa sunan kamfani da aka rubuta musu manyan lambobi, amma hotonsu bai kai na wayar da ke aljihunka ba. Araha ba ta ado. Kuma ka sani, WhatsApp yana matse hoto idan ka tura shi yadda aka saba. In kana son mai saye ya ga gashin dabba da ƙwayar idonta tas, tura hoton a matsayin fayil.

Inda ta aljihu ke nuna kanta shi ne wajen jawo nesa kusa. Wasu daga cikinsu, kamar jerin Panasonic TZ, suna jawowa har sau 30, Canon SX740 kuma sau 40, alhali duk kyamarar ba ta fi tafin hannu ba. Kana tsaye a bakin rijiya za ka iya ɗauko shaidar da ke cinyar bijimi can nesa, ba sai ka kutsa cikin garken wani ba. Marar madubi kuwa, idon da ake haɗo ta da shi sau 3 kawai yakan jawo. In kana son fiye da haka sai ka sayi wani ido daban, mai tsawo da nauyi, kuma da kuɗinsa. Ka tambayi mai shago ko jawowar ta gilashi ce ko ta lissafin na'ura. Ta gilashi ita ce ta gaskiya, ɗayar faɗaɗa hoton kawai take yi har ya farfashe.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi damun mu a wannan yanki, wato ƙura da zafi. Duk lokacin da ka kwance idon marar madubi, a yawancinsu sensa a buɗe take, ba abin da ya tare ta. Ka yi haka a tsakiyar kara da hunturu, sai ka fara ganin ɗigo-ɗigo baƙaƙe a kowane hoto, musamman wajen sararin sama. Maganinsa, ka sauya ido a cikin ɗaki ko mota, bakin kyamarar yana kallon ƙasa, ka kuma mallaki ɗan abin hura iska na roba. Kar ka hura da baki, kar ka goge da gefen riga ko rawani. Ta aljihu ita ma ba ta tsira ba. Idonta yana fitowa yana komawa duk sanda ka kunna, ƙwayar yashi ɗaya in ta shige tana iya maƙale shi, gyaran kuma sau da yawa bai cancanci kuɗin ba. Ga wanda rayuwarsa a daji take, akwai 'yan aljihu da aka ƙera don wahala, irin su Tough TG na Olympus, wanda yanzu ake kira OM System, da Ricoh WG. Idonsu ba ya fitowa waje, suna jure ƙura da ruwa da faɗuwa, amma ba sa jawo nesa sosai, sau 4 ko 5 ne. Batun zafi kuwa, yawancin kamfanoni sun rubuta cewa kyamararsu tana aiki ne daga digiri 0 zuwa 40. Bazararmu tana wuce haka. Kada ka bar ta a gaban mota ko cikin akwatin babur a rana.

Sai wuta. Marar madubi tana shan batir, don allonta da sensarta a kunne suke muddin tana aiki. Yawancin ƙananansu hoto 300 zuwa 400 suke yi a caji ɗaya. Ta aljihu ma batirinta ƙarami ne, ba ta fi haka ba. Don haka kowacce ka zaɓa, ka nemi wadda ake yi wa caji da igiyar USB, yadda za ka iya jona ta da ƙaramin sola ko batirin ajiye wuta na waya, ka kuma sayi batir na biyu. Ka duba ma ko tana tura hoto zuwa waya ba tare da igiya ba, in ba haka ba sai ka nemi ɗan abin karanta katin memori da ake sokawa a waya. Hoton da ya kwana a kyamara bai kai ga mai saye ba, ai bai yi maka ciniki ba.

Wajen lissafin kuɗi, ko da naira ko da sefa, kar ka tsaya a farashin kyamarar kaɗai. Marar madubi tana jan kashe-kashe a bayanta: ido na biyu, jaka, batir, kati. Kuma idon Sony ba ya hawa kan Canon ko Nikon kai tsaye, yawancin kamfanoni kowa da irin bakinsa. In ta hannu za ka saya, ka ɗauki hoton farin bango ka faɗaɗa ka ga ko da tabo. Ka haska idon da tocila ka duba karce ko fumfuna. Ka ciro batir ka ga ko ya kumbura. Ka kunna ka kashe sau da yawa ka saurari motsin idon. Sannan ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin kyamarar, domin shi zai fitar da kai idan kwastan ko duwan suka tambaya, ko wani ya ce tasa ce aka sace. Ka kuma saita kwanan wata da lokaci tun ranar farko, saboda kyamara tana ajiye su a cikin kowane hoto, ranar shaida kuwa suna da amfani.

Akwai gargaɗin da ba za mu tsallake ba. Kada ka ɗaga kyamara a shingen bincike, ko ofishin kan iyaka, ko kusa da sojoji da jandarma, ko barikinsu. Ana iya ƙwace ta, kai ma a tsare ka. A wuraren da tsaro ya taɓarɓare, babbar kyamara a wuya tana iya sa a yi maka kallon ɗan leƙen asiri, daga wannan ɓangare ko wancan. A nan ƙaramar da ke shigewa aljihu ta fi kwanciyar hankali. Kuma ko a cikin zaman lafiya, ka nemi izini kafin ka ɗauki mutum, ko matan wani, ko garken da ba naka ba.

To wacce za ka saya? Idan aikinka tura hoton raguna Balami da Uda ga masu saye ne gabanin Babbar Sallah, da rana kuma kake ɗauka, wayarka mai kyau ta isa, ka riƙe kuɗinka ka ƙara jari. Idan kai makiyayi ne mai yawo, kana son ajiye shaidar dabbobinka, ka ɗauki ta aljihu: mai jure wahala in ƙura da damina ne damuwarka, mai jawo nesa in kana yawan ɗauka daga nesa. Idan kuwa da hoton za ka ci abinci, biki da suna da bidiyon tallar kaya, har da na dare, to marar madubi ce taka, ko da ta hannu ce, ka fara da ido ɗaya ka ƙara wani idan sana'ar ta fara kawowa. Sayen nagari, in ji Hausawa, mayar da kuɗi gida ne.

Kafin ka miƙa kuɗi, ka ce wa mai shago ya bar ka ka ɗauki hoto uku: ɗaya a rana, ɗaya a cikin inuwar shago, ɗaya na wani abu mai motsi. Ka tura su wayarka ka kalla da kyau, sannan ka yanke shawara. Allah ya ba da sa'ar kasuwa, ya tsare mana dukiya da lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.