Haihuwa Bayan Tafiya Sararin Samaniya: Ina Haɗarin Yake ga Namiji?

A watan Yunin 1964 aka haifi wata yarinya a Mosko wadda likitoci suka zuba wa ido fiye da sauran jarirai. Uwarta Valentina Tereshkova ce, mace ta farko da ta je sararin samaniya, ubanta kuma Andriyan Nikolayev, wanda ya yi kusan kwana huɗu yana kewaya duniya a kumbon Vostok 3 a 1962. Yarinyar ta tashi lafiya ƙalau, har ta zama likita. Tun daga nan ake kafa hujja da ita cewa zuwa sama ba ya taɓa haihuwar namiji. Hujjar ba ta da ƙwari. Jikin namiji na ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ya kammala ƙera ƙwayar maniyyi, kuma Nikolayev ya fi shekara da dawowa kafin a sami cikin. Maniyyin da ya samar da 'yarsa a doron ƙasa aka yi shi tun daga farko har ƙarshe.

Haka labarin yake ga 'yan sama-jannati da dama da suka haihu bayan sun sauko. Tambayar ta sake tasowa ne yanzu saboda zaman ya tsawaita. Valeri Polyakov ya yi kwana 437 a jere a tashar Mir, Oleg Kononenko ya haura kwana 1,000 idan aka haɗa tafiye-tafiyensa, ga kuma Amurka da Sin suna shirin zaunar da mutane a duniyar wata.

Abin da ake kira rashin nauyi ba ɓacewar ƙarfin jan ƙasa ba ne. A tsayin kilomita 400, inda tashar ƙasa da ƙasa ta ISS take, ƙarfin yana nan da kusan kashi 90 cikin 100 na wanda muke ji. Tashar ce take faɗowa ba ƙaƙƙautawa, amma gudunta na kusan kilomita 28,000 a awa ya sa kullum take kuskure ƙasa, sai ta yi ta zagaye. Duk abin da ke cikinta tare suke faɗowa, shi ya sa ba wanda ke danne wani.

To, me wannan zai yi wa ƙwayar maniyyi ɗaya? Tsawonta kimanin kashi 1 cikin 20 na milimita ne. Ga halitta mai wannan ƙanƙanta, kaurin ruwan da take iyo a ciki ya fi nauyinta tasiri nesa ba kusa ba. Kamar mutum ne yake ninƙaya a cikin zuma. Duk da haka ba a ce ba ta jin komai ba. A 1997 Joseph Tash na Jami'ar Kansas ya tura maniyyin bushiyar teku cikin kumbon Amurka, ya ga sinadaran da ke tayar da wutsiyar ƙwayar sun fi saurin kunnuwa a can. Jin an ce sauri sai a ɗauka alheri ne, amma haɗuwar maniyyi da ƙwan mace aiki ne na daidaita lokaci, kuma wanda ya ƙarar da ƙarfinsa tun a hanya ba lalle ya isa ba. A Afrilun 2018 hukumar NASA ta aika maniyyin mutum da na bijimi zuwa ISS a gwajin Micro-11, inda 'yan sama-jannati suka narkar da shi, suka zuba masa sinadarin da ke motsa shi, suka ɗauki bidiyon iyonsa. Shi ma dai daskararre ne da aka ɗebo daga maza suna ƙasa.

A Barselona ta ƙasar Sifen, masu bincike na asibitin Dexeus sun bi hanya mai sauƙin kuɗi. Ƙaramin jirgin wasan sama suka samu, matuƙi ya cilla shi sama, ya sake shi ya gangaro, a sami daƙiƙa 8 na rashin nauyi, a maimaita sau 20. A 2019 suka ba da rahoton cewa daskararren maniyyin mutum 10 bai nuna wani bambanci ba. Jaridu suka yi ta yayata cewa an kusa buɗe rumbun maniyyi a sama. Amma idan ka tara daƙiƙoƙin nan duka ba su kai minti uku ba, kuma ƙwayar da ke daskare ba ta motsi balle a ga yadda iyonta ya canza. Da suka gwada ɗanye, wanda ba a daskarar ba, sun ga motsinsa ya ragu.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne na Teruhiko Wakayama na Jami'ar Yamanashi a Japan. Ya busar da maniyyin ɓera ƙarau, kamar madarar gari, ya rufe shi a 'yan ƙananan kwalabe, aka kai ISS a 2013. Kashi na ƙarshe ya yi shekara 5 da wata 10 kafin a dawo da shi. Aka ɗiga masa ruwa, aka tsira shi cikin ƙwai da allura, aka haifi 'ya'yan ɓera 168 masu lafiya. Babban sakamako ne, sai dai amsar wata tambaya ce daban: ya nuna za a iya adana maniyyi a sama, bai ce komai ba game da marainan da ke aiki a jikin mai rai.

A nan ne, a ganina, matsalar take. Allah ya rataye maraina a wajen jiki ne domin suna bukatar sanyi, digiri 2 zuwa 4 ƙasa da zafin cikin jiki. Shi ya sa likitoci ke gargaɗin maza masu neman haihuwa kan matsattsen wando da yawan zama cikin ruwan zafi. A sama kuwa, kusan lita biyu na ruwan jiki na barin ƙafafu su taru a ƙirji da kai, fuska ta kumbura, ƙafa ta tsumure. Iska mai ɗumi ba ta tashi ta bar fata kamar yadda take yi a ƙasa, gumi ya manne bai bushe da wuri ba. Wani bincike na asibitin Charité da ke Balin, wanda aka wallafa a 2017, ya gano cewa zafin cikin jikin 'yan sama-jannati na ƙaruwa da kusan digiri 1 a doguwar tafiya. Ƙari a kan haka ga barci da ke rikicewa a inda rana ke fitowa sau 16 a yini guda, ga damuwa. Ko a Kano aka haɗa wa mutum waɗannan, maniyyinsa zai ji a jikinsa.

Batun sinadarin mazakuta na testosteron ya raba kan masana. Gwajin da aka yi wa 'yan sama-jannati kaɗan a gajeriyar tafiyar 1993 ya nuna ya ragu. Wanda Scott Smith na NASA ya jagoranta a 2012, kan waɗanda suka yi watanni a ISS, bai ga raguwa ba sai ranar saukowa. Na fi karkata ga na biyun, domin ya fi daɗewa yana bibiya. Gwaje-gwajen ƙasa su ma suna da tarko: idan aka ɗaga bayan ɓera don kwaikwayon rashin nauyi, marainansa kan zame su shige ciki, zafi ya lalata su, a ɗora wa rashin nauyi laifin da ba nasa ba. Da masana Jami'ar Osaka suka kai ɓeraye maza 12 ISS na kwana 35, wasu suna shawagi, wasu a cikin na'ura mai juyawa da ke mayar musu da nauyi, bayan sun dawo maniyyin dukkan rukunonin ya samar da 'ya'ya lafiyayyu. Amma kwana 35 zagaye ɗaya ne kacal na ƙera maniyyi a ɓera.

Sai kuma radiyeshon, wanda ake yawan cakuɗa shi da rashin nauyi saboda tare suke zuwa. Mutum a ƙasa na shan radiyeshon kimanin milisibat 2.4 a shekara. Ɗan sama-jannati a ISS na shan hakan cikin ƙasa da mako, alhali yana ƙarƙashin laimar maganaɗisun duniya. Na'urar da ke jikin Curiosity, motar binciken da aka aika Mars, ta auna cewa zuwa duniyar Mars da dawowa kaɗai zai kai wajen milisibat 660. Ƙwayoyin da ke haifar da maniyyi suna cikin mafi raunin sassan jiki a gaban radiyeshon, domin kullum cikin rarrabuwa suke. Likitocin ciwon daji sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke ba samari shawarar adana maniyyi kafin a fara gashi. Nauyi ana iya ƙirƙirarsa da juya kumbo, kamar yadda aka yi wa ɓerayen Osaka. Manyan ɓurɓushin da ke tahowa daga can wajen tsarin ranarmu kuwa ratsa bangon ƙarfe suke yi, wani lokacin ma su farfasa shi su ƙara yawan abin da ke shiga jiki.

Saboda haka wanda zai yi tafiyar shekara biyu ko uku zuwa Mars, kuma yana da niyyar haihuwa, abin da ya fi masa araha shi ne ya yi irin na majinyacin daji, ya bar ajiyarsa a firjin asibiti kafin ya hau kumbo.