Yubetsi, Kazar Tanderu Ta Mutanen Yunan

Ma'abota ilmi sun san Yunan daga littattafan ɗibbu, inda ake ambaton Buƙraɗu da Jalinusu. Ita ce ƙasar da ake kira Girka a yau, babban birninta Atina. Amma bayanin nan na abincinsu ne, wata dahuwar kaza da suke kira yubetsi.

Asalin sunan na Turkawa ne, ma'anarsa tukunyar ƙasa. Dalili kuwa, daular Usmaniyya ta mallaki Girka shekaru ɗaruruwa, har mutanenta suka tashi yaƙin neman 'yanci a 1821. Mulkin ya tafi, sunan tukunya ya zauna. A zamanin da, ba kowane gida ke da tanderu ba. Saboda haka ran Lahadi da safe uwargida takan haɗa tukunyarta a kai wa mai burodin unguwa, ya saka a tanderunsa, a biya shi ɗan lada, da rana a ɗauko.

To, ga yadda ake yin ta. A yanka kaza mai nauyin kilo ɗaya da rabi gida 8, a shafe ta da gishiri da masoro. A soya ta sama-sama da man zaitun cikin tukunyar ƙarfe har fatar ta yi ja, a kwashe. Cikin man nan a soya albasa da tafarnuwa, a zuba niƙaƙƙen tumatir da sandar kirfa ɗaya da kanumfari 3, su tafasa. Sa'an nan a juye duka cikin tukunyar ƙasa tare da kazar, a ƙara ruwa kaɗan, a rufe, a saka a tanderu mai zafin digiri 180 kamar minti 40.

Abin lura a nan, Girkawa da yawa sukan zuba giyar inabi cikin miyar. Wanda ya dafa a gidansa sai ya bar ta, ya sa romo da ɗan ruwan lemon tsami, daɗin bai ragu ba. Ɗan kasuwan da tafiya ta kai shi can kuwa, ya tambaya kafin ya sa hannu.

Bayan haka sai taliya, kuma nan ne gwaninta take. Tasu taliyar ƙanana ce, siffarta kamar ƙwayar shinkafa; sunanta da harshensu ƙaramar sha'ir. Ba a dafa ta dabam. Ɗanya ake zuba ta a gefen naman domin ta sha romon kazar, ta ɗauki ɗanɗanonsa. Ma'auninta, kofi ɗaya na taliya kofi 3 na romo. In ruwa ya gaza, sai ta bushe ta kama gindin tukunya. In ya yi yawa, sai ta zama kunu, a yi asarar kaza guda.

Sharaɗi na biyu, ruwan da za a ƙara ya zama tafasasshe. Ruwan sanyi cikin tukunyar ƙasa mai zafi tsaga ta yake yi, romo ya tsiyaye. A mayar da ita tanderu a buɗe minti 20, a motsa sau ɗaya a tsakani.

Na uku, a fitar da ita da sauran ɗan ruwa a kanta, a bar ta ta huta minti 10. Tukunyar ƙasa tana riƙe zafi, ita za ta ƙarasa dahuwar. Mai gaggawa da ya jira ta tsotse a wuta, busasshiya zai ci.

Daga ƙarshe su kan barbaɗa gurzajjen cuku mai tauri da gishiri, na nonon tumaki ko awaki. Wanda bai sami irin taliyar ba, sai ya kakkarya doguwar taliya ƙanana-ƙanana. Tukunyar nan tana isar mutum 6, a kawo ta gaban iyali da zafinta, kowa ya ɗiba.

Tamat.