Kafin ku zuba kuɗinku a kan madubin kallon taurari

A shagunan kayan lantarki da kasuwannin intanet ana yawan cin karo da wani kwali mai ɗauke da hoton duniyar Satan da zobenta, an rubuta masa 525x ko 675x da manyan lambobi. Ɗalibi ya gani ya yi ta tara kuɗin tara, ko ƙungiyar kimiyya ta makaranta ta haɗa karo-karo, a sayo shi. Daren farko a auna wata, hoto ya yi ta rawa, ga dishi-dishi. Bayan mako biyu an mayar da shi kwalinsa, an tura ƙarƙashin gado.

Bari mu duba inda lambar nan ta fito. Yawancin irin waɗannan na'urori faɗin gilashinsu na gaba milimita 60 ne, tsawon tattara haskensu kuma milimita 700. Idan aka saka ƙaramin gilashin leƙe mai milimita 4, sai a raba 700 da 4, a sami 175. A ƙara wani gilashi mai ninkawa sau uku, ga 525 ta fito. Lissafin daidai ne, amma ba ya amfanar kowa. Masu harkar suna da ƙa'ida: girman da zai yi amfani ba ya wuce ninki biyu na faɗin gilashi a milimita. Wato mai 60 iyakarsa kusan 120. Abin da ya haura haka tamkar ka ja ƙaramin hoto ne a waya har ya farfashe.

Don haka abin da muke fara tambaya shi ne faɗi. Madubin hangen nesa kamar bokiti ne a ƙarƙashin ruwan sama: mai faɗin baki ya fi tara ruwa, mai faɗin gilashi ya fi tara haske. Galileo, da ya gano watanni huɗu na duniyar Jupita a watan Janairun 1610, na'urarsa tana ƙara girma kusan sau 20 ne kawai.

Shawararmu ga mai farawa ita ce tabaron hangen nesa mai ido biyu, irin wanda aka rubuta wa 7x50 ko 10x50. Lambar farko girman da yake ƙarawa ce, ta biyu faɗin gilashi. Ƙwayar idon matashi tana buɗewa kamar milimita 7 a cikin duhu, saboda haka gilashi mai 50 yana tara haske kusan sau 50 fiye da ido. Ku auna shi ga Kaza da 'Ya'yanta: ido yana ƙirga shida ko bakwai, tabaron zai nuna muku gommai. Za ku ga ramukan wata, da watannin Jupita kamar ɗigo-ɗigo a jere, har da gungun taurarin Andromeda, wanda haskensa ya yi tafiyar shekara miliyan biyu da rabi kafin ya iso. Ku jingina gwiwar hannu a kan katanga, domin hannu yana rawa. Zoben Satan kam ba zai fito ba, shi sai na'urar da ke kai sau 30 zuwa 50.

Idan makaranta ce za ta saya kuma da ɗan ƙarfi, mun fi son wanda ake kira Dobsoniyan, da sunan John Dobson, Ba'amurken da ya yaɗa shi. Bututu ne mai madubi a ƙasa, yana zaune kan akwatin katako da ake juyawa da hannu. Ba shi da kyan gani, amma kuɗin yana tafiya ne a kan madubin, kuma ba ya girgiza. Ƙafa mai rawa ta fi gilashi mai arha ɓata dare. Kafin ku biya, ku ɗan ƙwanƙwasa bututun kuna leƙawa; idan hoton bai natsu cikin daƙiƙa biyu ko uku ba, ku bar musu kayansu.

Sai ɗaukar hoto. Wayar da ke da sashen Pro a kyamararta ta isa a fara. Ku kafa ta a kan bulo ko ƙafa uku, ku sa lokacin buɗe ido daƙiƙa 10 zuwa 15, ku ɗaga ISO zuwa 800 ko 1600, ku mayar da saitin nisa ƙarshe, sannan ku yi amfani da agogon jinkiri don kada yatsa ya motsa ta. Me ya sa ba za a bar ta minti ɗaya ba? Duniya tana juyawa digiri 15 kowace awa, in aka daɗe taurari za su zama layi-layi. Wata kuwa akasin haka ne, haskensa ya yi yawa: a ɗora idon waya a kan gilashin leƙe, a rage haske sosai. Kuma ku neme shi yana rabi, daren bakwai ko takwas, lokacin da inuwa ke fito da tsaunukansa. Daren sha huɗu fari fat yake, ba a ganin komai sosai.

Muna da wata sa'a a nan. Kano tana kusan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, shi ya sa muke ganin Tauraron Arewa, kuma da daren Afrilu da Mayu muna iya hango taurari huɗun nan na kudu masu siffar gicciye, waɗanda mutanen Ingila ba sa gani sam. Matsalarmu hazo ce. Da hunturu ƙura tana dusashe sama, tana kuma kwanciya a kan gilashi. Kada a goge ta da gefen riga, yashi ne, zai karce shi. Daren da ya biyo bayan ruwan sama, ko ƙarshen damina kafin iska ta taso, shi ne lokacinmu. In an ɗauke wuta a unguwa, to mu kakarmu ta yanke saƙa.

Ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, hasken waya kuma yana rusa wannan nan take. Ku rufe tocila da jar leda. Manhajar Stellarium tana nuna sunan abin da kuke kallo, kuma tana da jan haske na dare.

Abu biyu ba ma wasa da su. Kada wanda ya kalli rana da tabaro ko madubi, ko da tana faɗuwa, ko ranar neman jinjirin wata. Makantar da take jawowa ba ta warkewa, sai an tabbatar ta faɗi tukuna. Na biyu, a halin tsaron da muke ciki, yara da bututu a kan ƙafa uku cikin duhu suna iya jawo zargi. Ku fita tare da malami, ku tsaya a harabar makaranta ko cikin gida, ku sanar da mai unguwa da 'yan sintiri tun da rana.