Katakon jera buhuna: yadda mangaza za ta rage kashe kuɗɗi

In kaka ta yi, bankin cimaka na gari yana sayen hatsi ya aje don bazara da damina. Kwamiti yana zama ya yi lissafin kuɗɗin hatsi, da na buhu, da na amalanke. Akwai abu guda da ake mancewa da shi sai ranar jera kaya. Shi ne katakon da ake ɗora buhuna bisansa, wanda ake kira palet.

Mi ne ne palet? Katakai ne da aka haɗa da ƙusa, kamar gado mai gajerun ƙafafu. A tashar jirgin ruwa, wata ƴar mota mai hannuwan ƙarfe biyu tana zura su ƙarƙashinsa, ta ɗaga kaya gaba ɗaya. Mu a karkara ba mu da wannan mota, ƙarfinmu muke sawa. Amfanin palet wurinmu shi ne ya raba buhu da ƙasa. Danshi yana hawowa daga daɓe, ko da na siminti ne. Buhun da ke kwance ƙasa yana shan wannan danshi, hatsi ya yi fumfuna, ya dunƙule. Gara kuma ta samu hanya. In buhu yana bisa palet, iska tana wucewa ƙarƙashi, tsintsiya tana shiga, kusu ba ya samun maɓoya.

Amma palet yana da tsada. Katakon da kafinta ke aiki da shi, yawancinsa daga ƙasashen bakin teku yake zuwa, kuma kuɗɗin mota yana cikin farashi. Shi ya sa wasu kwamitoci suke cewa a bar saye, a zuba buhuna ƙasa. Wannan ba tattali ba ne. Ku tambayi kuɗɗin buhun hatsi a tsakiyar damina, ku gwada da kuɗɗin palet guda. Kuma buhun da ya ruɓe, tuwon wani gida ne a lokacin da maigida ke gona, rumbunsa babu kome.

Kafin a sayi ko guda, a yi lissafi. Ga misali da za ku iya yi bisa allo a wurin karatu. A ce mangaza tana da buhu 100, kowane kilo 100. Tan 10 ke nan. Palet mai tsawon santimita 120 da faɗin santimita 100 yana ɗaukar buhu kamar 2 a shimfiɗe. In an jera hawa 4, palet guda ya ɗauki buhu 8, ana bukatar palet 13. In an jera hawa 8, palet guda ya ɗauki buhu 16, palet 7 sun isa. Kun gani, iya jeri kaɗai ya rage palet 6.

To, jeri mai tsawo sai da dabara. A haɗa palet su manne da juna su zama kamar dandamali guda. Hawa na farko buhuna su kwanta a tsaye, hawa na biyu su kwanta a gicciye, kamar yadda magini ke sarƙa tubali. Bakin buhu ya dubi ciki. A bar aƙalla santimita 50 tsakanin buhuna da bango, yadda mutum zai zagaya ya duba. Kada jeri ya kai ga rufi.

Mi ke kashe palet? Mafi yawa hannun mutum ne. Ƴan dako suna yarɓa buhu daga bisa kai, katako ya tsage. Ana jan palet a ƙasa, ƙusa ta saki. In mangaza ta yi wayam, sai a fidda su waje, ruwa ya duka, rana ta gasa, gara ta gama sauran. Wurinsu cikin mangaza ne, a share su, a jera su bisa duwatsu ko tubalin siminti.

In katako guda ya karye, ba a yar da palet. A cikin 3 da suka lalace ana iya fidda 2 masu kyau. Guduma da zarto da ƙusa kaɗan sun isa. A duba kan ƙusa da ya fito, a buga shi ya nutse, don shi ke yage buhu hatsi ya riƙa tsiyaya.

Sai maganar da ba a son faɗi. Palet yana da ƙafa! Yau an ara don biki, gobe ya zama ƙyauren wani, jibi ya shiga murhu. A Turai, tun shekara ta 1961 kamfanonin jirgin ƙasa suka shirya palet iri guda, santimita 120 da 80, don a riƙa musanya. Direban da ya kawo kaya bisa palet 20, sai an ba shi 20 marasa kaya kafin ya tashi. Mu ma mu riƙe ƙidaya. A sa fenti a rubuta sunan gari da lamba jikin kowane. Magatakarda ya shigar da su littafi, kamar yadda yake shigar da buhu. Ran babban taro a ƙirga su gaban jama'a.

In saye ya zama dole, ba lalle sabo ba. Manyan ƴan kasuwa na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai suna samun kaya bisa palet, su sayar da shi bayan sun sauke. Garuruwa 3 ko 4 su haɗa kuɗɗi su saya tare, su raba kuɗɗin mota. Amma a buɗe ido. A jikin ƙafar palet da ya ƙetare teku akwai hatimi. In kun ga HT, da zafi aka kashe ƙwarin katakon. In kun ga MB, da iskar guba aka yi, ku bar shi. Wanda ke warin maganin ƙwari ko yake da tabon mai, shi ma kada ya kusanci abinci.

Garin da ke da icce yana iya yin nasa. A kwarin Majiya, wajen Buza, an fara dasa layukan dogon yaro a 1975 don tare iska, daga baya mutane suka riƙa samun sanduna daga sassabensu. Dogon yaro yana jure gara fiye da farin katako. A nemi izinin ma'aikatan gandun daji kafin a sara. A zaɓi sanduna miƙaƙƙu, a ɓare ɓawon, a shanya su cikin inuwa har su bushe sarai, don ɗanyen icce shi ma danshi ne. A kwantar da manya 3 a ƙasa, a gicciya ƙanana bisansu, tazara kamar faɗin tafin hannu. A buga ƙusa ko a ɗaure da waya. A sassaƙe ƙulli da tsini, kada su huda buhu. Tsayin ya kai santimita 10 zuwa 15 daga daɓe, yadda tsintsiya za ta shiga.