Idan Tsohuwar Mota Ta Kama Tari, A Nemi Ciwon Kafin A Sayi Magani

Duniya ta san Baturiya, a Ƙaramar Hukumar Kiri Kasamma ta Jihar Jigawa, saboda tsuntsayen da ke tasowa daga Turai su sauka a dausayinta, har aka sa ta cikin jerin wuraren Ramsar a 2008. Amma direban da ke bin hanyar daga Haɗeja ya san ta da abu uku: laima, yashi da ƙura. Motocin da ke fama da waɗannan kuwa yawancinsu tsofaffi ne, har da sauran Peugeot 504 irin waɗanda aka riƙa haɗawa a kamfanin Kaduna da aka buɗe a 1975. Su ne ke kai kifi da shinkafa kasuwa, su ne kuma ke ɗaukar mai naƙuda da tsakar dare.

Wata damina muka shiga wata akori-kura a wannan hanya. Tun da asuba take jijjiga tana tari, abin da kanikawa ke kira misin, watau ɗaya daga cikin silinda huɗu ba ta ƙona mai. Direban ya ce mana sau uku yana sake filogi, ya kuma sayi wata kafireta, amma ciwo na nan. Da muka iso Haɗeja sai ya tsaya wurin wani dattijon bakanike.

"Ɗana, da wane lokaci take yi?" in ji dattijon.

"Da sassafe, Baba. In rana ta ɗaga sai ta daina."

Dattijon bai ɗauki sifana ba. Murfin distiributa ya cire, ya duba cikinsa a hasken rana, sai ga tsaga siririya kamar gashi. Raɓa ke shiga ta nan tana sace wuta. Kuɗin murfin bai kai kusa da na kafiretar ba.

Darasin ke nan, 'yan'uwa masu karatu. Injin fetur abu uku yake bukata a kowace silinda: wuta, mai gauraye da iska, da matsi. In ɗaya ya gaza sai misin. Aikin mai hankali shi ne ya gano wanne ne, ta bin mataki-mataki.

Da farko a lura da lokacin. Misin na safiya ko bayan an ratsa ruwa yakan nuna laima a wayoyi ko a distiributa. Wanda ke zuwa sa'ad da aka yi lodi ko aka shiga yashi, wuta ce ta yi rauni ko mai ba ya isowa. Wanda ke jira sai inji ya yi zafi, a tuhumi kwayil ko kondensa. In kuwa a silo kaɗai yake yi, wataƙila iska ce ke satar shiga ta wata tiyo da ta tsage.

Na biyu, a nemi silindar da ta mutu. A tsohuwar mota mai distiributa, inji na silo, a zare wayar filogi ɗaya bayan ɗaya da filaya mai hannun roba, gama wutar tana da zafin kamu. Wadda aka zare muryar inji ba ta sāke ba, ita ce mai ciwon. Sa'an nan a kwance filogin a karanta fuskarsa. Ruwan ƙasa kamar soyayyar gyaɗa, lafiya lau. Baƙin kunkunniya busasshe, mai ya yi wa iska yawa, a duba matatar iska wadda ƙurar hunturu ke toshewa. Jiƙe da baƙin mai, zoben fistin ya soma gajiya. A musanya shi da na wata silinda: in ciwon ya bi shi, filogi ne, in ya tsaya inda yake, a ci gaba da nema. Da dare a ɗaga bonet a wuri mai duhu, wayar da ta fashe za ta tona asirin kanta da tartsatsi.

Na uku, a gwada man. Inda gidan mai ya yi nisa, a galan ake saye. A tsiyayi kaɗan a farar kwalba a ajiye. In da ruwa, zai kwanta a ƙasa. Kada a ce sai a ƙauye haka ke faruwa: a watan Fabrairu 2022 hukumomin mai na ƙasa sun amsa cewa an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima.

Sai a ƙarshe a auna matsi da ma'auninsa. In wata silinda ta gaza, a zuba mata cokali guda na baƙin mai a sake awo. In ya hau, zobe ne. In bai motsa ba, bawul ne. Biyu maƙwabta in sun faɗi tare, gasket ya ƙone. Motocin da aka ƙera wa kasuwar Amurka tun daga 1996 kuwa suna da kwamfutar da ke faɗin silindar da kanta: lambar P0301 tana nufin ta ɗaya. Amma ko ita ba ta faɗin dalili.

Kada a ce a lallaɓa haka nan. Silindar da ta mutu tana shan rabonta na mai ta zubar ɗanye ta salansa, yana kuma wanke baƙin mai daga bangonta har inji ya ci kansa. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu 2023, wannan asara ta fi ƙarfin aljihun mai motar haya.

Shawararmu ga direba ita ce, kafin ya ba da kuɗin kowane ƙarfe, ya ce wa bakanike cikin ladabi, "Malam, nuna mini yadda ka gane." Bakanike na ƙwarai ba ya jin haushin wannan tambaya. A kuma duba wayoyi da murfin distiributa tun kafin ruwa ya sauka, domin ba a fafe gora ranar tafiya.