Wasan Mota: A Ɗora Wani Inji Ko A Gyara Na Ciki?

Ga rubutun shirin wannan makon, musamman saboda 'yan uwanmu na Sabon Birni da Isa da suka ce netwok ba ya barinsu su sauke murya, amma rubutu yana buɗewa ko da sanda ɗaya ce.

Wani ƙanenmu ne daga Isa ya turo tambaya. Yana da BMW E36, 318i mai silinda huɗu, ya fara koyon wasa da ita a fili bayan gari. Yanzu tana fitar da shuɗin hayaƙi, baƙin mai kuma kamar a rariya ake zuba shi. Kanikawa sun rabu biyu. Ɗaya ya ce a sauke injin a yi ofahol, ɗaya ya ce ɓata kuɗi ne, a ɗora na Beljiyam. Abokansa na TikTok kuwa ba abin da suke ce masa sai 2JZ. Ya ce, "Yaya, wanne zan yi?"

To ƙanena, bari mu fara da abin da wasan yake yi wa inji, don daga nan amsar za ta fito.

Abin da muke kira wasan mota, duniya tana ce masa dirif. A Japan ya yi suna, a hannun irin su Keiichi Tsuchiya da 'yar ƙaramar Toyota AE86 ɗinsa, kuma a Amurka tun 2004 suke da gasar Formula Drift. Ma'anarsa tayoyin baya su riƙa juyawa fiye da gudun motar, baya ya zame gefe, kai kuma kana riƙe da ita da sitiyari da totur. Shi ya sa sai motar da ke ja da baya: Benz 190, Biibut, E30, E36, har tsohuwar Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna. Golf ɗin da ke lodin Sabon Birni zuwa Sakkwato da gaba take ja. Ka ja mata birkin hannu za ta juya sau ɗaya, shi ke nan.

A cikin wasan, inji yana ihu a sama na tsawon lokaci, amma motar ba gaba take tafiya ba, gefe take yi. Ke nan iska ba ta shiga lagireto yadda ya kamata, ga mu a ƙasar da zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40. Na biyu, duk lokacin da ka wurga motar, baƙin mai yana kwararewa gefe ɗaya na tukunyarsa, famfon mai ya zuƙi iska, mital su bushe na ɗan lokaci. Na uku, ƙura. Mu ba kwalta muke wasa a kai ba. Zafi, ƙishin mai da ƙura, su ne ke kashe injin wasa a wajenmu, kuma ba ruwansu da ko injin gyararre ne ko na Beljiyam.

Kafin ka kashe ko sisi, a auna matsin silinda. Agogo ne ɗan ƙarami da ake ɗaurawa a ramin fulogi. In silinda huɗun nan sun yi kusa da juna, bambancin bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, to wataƙila hayaƙin daga robobin bawul yake, aikin tof ne kawai, ba sai an taɓa ƙasa ba. In ɗaya ta faɗi sosai, a ɗiga ɗan mai a ramin a sake aunawa. In matsin ya tashi, ringi ne. In bai tashi ba, a duba bawul ko gaskit. In kuwa kana jin ƙwanƙwasa daga ƙasa, mital ne, kuma kada ka sake tayar da ita. Bakaniken da ya ce maka a sauke inji bai auna komai ba, da kunne kawai, ka yi masa godiya ka ƙara gaba.

Yanzu maganar gyara. Akwai abin da muke kira ringin, akwai kuma gina inji, kuma ba abu ɗaya ba ne. Ringin shi ne a buɗe, a sa sabon ringi da mital da gaskit, a rufe. Gina inji kuwa sai an kai bulok wajen masu tana sun auna ramukan silinda. In sun cinye, a faɗaɗa su a sa fistin mai girman 0.25 ko 0.50 na milimita. A auna kuranshaf, in ya ci a goge shi a sa mital daidai da shi. A daidaita fuskar tof. A wanke kowace hanyar mai. A ɗaure kowane noti da sifana mai auna ƙarfi, ba da ƙarfin damtsen yaron gareji ba.

Ni na sha wannan darasin a Benz 190 ɗina. An yi mini ringin a gindin bishiya, lokacin hunturu, iska na kaɗawa, fistin a shimfiɗe kan kwali. Ba wanda ya auna bulok. Motar ta yi shiru gwanin daɗi, har na fara yi wa abokai kuri. Wasa biyu na yi da ita hayaƙin ya dawo, ya fi na da. Da aka sake buɗewa, ramukan silinda sun riga sun zama kamar ƙwai, sabon ringi mai zagaye ba shi da inda zai kama. Kuɗin kaya, kuɗin aiki, duk sun bi ruwa. Ban ga laifin bakaniken shi kaɗai ba, ni ma na so araha.

Amfanin gina inji shi ne ka san abin da ke cikinsa, lambarsa ba ta canza a takardu ba, wayarin ɗinka na nan yadda yake. Matsalarsa guda biyu. Jabun kaya sun cika kasuwa, kwali mai kyau, ƙarfe na banza. Sannan aikin tana mai kyau sai ka ɗauki bulok zuwa Sakkwato ko Kano, ka dawo da shi, in an yi kuskure ka sake komawa. Bayan duk wannan, 318i ɗinka ƙarfin doki 115 ne ko ƙasa da haka. Da shi ka shiga, da shi za ka fito. Kuma sai ka yi haƙuri ka lallaɓa sabon injin na ɗan lokaci kafin ka fara murza shi.

Ɗora wani inji kuma iri biyu ne, kuma a nan ne samari ke ruɗewa.

Na farko, ɗan gida. BMW ta fitar da E36 da inji mai silinda shida tun daga masana'anta: M50 na 325i mai doki 192, da M52 na 328i mai doki 193. Ke nan gurbin yana nan, ƙafafun zaman injin akwai su a kasuwa, bakin giyar iri ɗaya ne. Ba ƙirƙira za ka yi ba, kwafa za ka yi. Amma ka sayi injin da kayansa gaba ɗaya: wayarinsa, birenbos ɗinsa, lagireto, salansa. Ka kula da abu uku. M50 da aka ciro daga E34 tukunyar mansa a gaba take, ta E36 a baya, sai an canza. Motocin da aka yi daga 1995 suna da na'urar hana sata da ake kira EWS, in birenbos bai ga makullinsa ba inji ba zai tashi ba, don haka a haɗo maka su tare, ko ka tabbatar mai wayarin ɗinka ya san hanyarta. Na uku shi ne wanda ba kowa ya sani ba. M52 na Turai na kafin 1998 bulok ɗinsa alminiyam ne, an shafe cikin silinda da wani sinadari mai suna Nikasil, kuma fetur mai yawan sulfa yana cinye shi. Sai daga baya BMW ta koma sa hannun riga na ƙarfe. In shafen nan ya tafi, ba a faɗaɗa shi kamar sauran. M50 kuwa bulok ɗin baƙin ƙarfe ne, yana jure zafi da wulaƙanci. Ni a ƙasarmu shi zan ɗauka.

Na biyu, baƙo. Wato 2JZ ko 1UZ na Toyota a cikin BMW ko Benz. Jama'a, 2JZ ɗin da kuke gani a bidiyo yana aman wuta, mai tarbo ne na Supra, kuma an kashe masa kuɗin da ya fi kuɗin motarka. Wanda za ka fi samu a kasuwarmu na Lexus GS300 ne, ba tarbo, doki wajen 220. Bambancinsa da M50 bai kai wahalarsa ba. 1UZ na LS400, silinda takwas, lita 4, inji ne mai rai tara, ban musa ba. Amma shi da na GS300 da giyar otomatik suke zuwa, kai kuma kana buƙatar kuloci. Sai an ƙera farantin haɗa shi da wata giya, a yi waldar sababbin ƙafafu, a yanke furofela a daidaita ta, a saƙa wayarin Toyota da na BMW, a nemi inda salansa za ta bi ba ta taɓa sandar sitiyari ba. Kuɗin injin shi ne ƙarami a lissafin. Na san motocin da aka fara yi wa wannan aikin, yau kaji ke ƙwai a cikinsu.

Kuma kada wanda ya ruɗe ka da kalmar Beljiyam. Injin E36 mafi ƙuruciya ya haura shekara ashirin. Tsoho ne, kawai dai a wata ƙasa ya tsufa. In ka je Ƙofar Ruwa a Kano, ka tafi da bakanikenka. A buɗe murfin mai a leƙa, a ciro fulogi, a juya kuranshaf da hannu, in mai kaya ya yarda a kwance tukunyar mai a duba ko akwai garin ƙarfe. Garantin da suke bayarwa na 'yan kwanaki ne. Mutumin Kano zai ɗora ya gwada a cikin kwanakin. Kai kuwa kafin inji ya biyo Gusau da Ƙaura Namoda da Shinkafi ya iso Isa, a ɗaura, a tayar, wa'adin ya wuce. Don haka ko dai ka kai motar can a ɗora a gabanka, ko ku yi magana wa'adin ya fara daga ranar da kaya suka sauka, kuma a rubuta a rasit.

Rasit ɗin nan ya ɗauki lambar inji. Takardun motarka suna ɗauke da lambar tsohon, mu kuma a bakin iyaka muke, shingen bincike ba ya ƙirguwa. Ka je ofishin lasin a gyara takardu. Haka in daga Maraɗi ka sayo, wadda ta fi mana Kano kusa nesa ba kusa ba. Sai dai can da sefa za ka biya, kuma tun da aka saki naira a 2023, dala ta tashi daga ƙasa da 500 ta haura 1,500 a 2024, duk abin da ya tsallako ruwa ko iyaka ya yi tsada. Mun kuma ga yadda aka rufe iyakar daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024. Wanda motarsa ta dogara da wani kaya daga can, zaman jira ya yi.

Ga abin da ya fi damuna, kuma shi ya sa amsata ta bambanta da wadda za ka ji a YouTube. Wanda ke wasa a Japan ko Amurka, motar wasa daban, ta gida daban, a kan tirela yake kai ta fili. Kai motarka ɗaya ce. Wadda ka juya ranar Sallah, ita za ta kai Inna asibiti Sakkwato in dare ya yi. Kuma kowa ya san halin da hanyar Goronyo da ta Marnona da ta Shinkafi suke ciki. A kan hanyar Sakkwato zuwa Sabon Birni aka ɗauke Sarkin Gobir na Gatawa a Yulin 2024, Allah Ya jiƙansa. Wanga ba wurin da mota za ta mutu maka ba ne saboda wata waya da mai wayarin ɗaya tak a Kano ya san inda ta nufa. Injin da zan ba ka shawara shi ne wanda in ya yi tari, bakanike a Buzaye cikin Sakkwato zai buɗe bonet ya gane abin da yake gani, kuma fanbel ɗinsa da famfon ruwansa suna rataye a shago.

Saboda haka ƙanena, in awo ya nuna tof ne kawai, ka gyara tof ka ci gaba da koyo da silinda huɗunka. A kan ƙasa da tsakuwa doki 115 ya isa ya zamar da baya, kuma mota marar ƙarfi ta fi koya wa mutum hannu. In ƙasa ta tafi, kada ka gina injin 318i, kuɗin ya kusa na M50 kuma ba ka ƙaru da komai ba. Ka ɗora M50 da kayansa. Gina inji na wanda yake da injin da ya cancanta ne, kamar mai 325i da bulok ɗinsa ke lafiya, kuma yana da mai tanan da ya yarda da shi. 2JZ kuwa ka bar shi sai ranar da ka sayi mota ta biyu.

Ko wanne ka ɗauka, ka ware kuɗin abubuwan da ba a ɗaukar su hoto. Sabon famfon ruwa mai fanka ta ƙarfe, don na roba yana farfashewa. Lagireto mai kyau da fanka mai ƙarfi. Matatar iska ta asali, kana kakkaɓe ta bayan kowane wasa. A sa farantan tare mai a cikin tukunya, kuma tun da an buɗe, a ɗaure notin famfon mai da waya ko gam ɗin noti, domin a M50 da M52 an san shi da kwancewa, musamman in mota ta juya ta koma da baya ba ka taka kuloci ba. In ya kwance, mai ya tsaya nan take.

Sannan don Allah, ba a cikin ayarin biki ba, ba a bakin kasuwa ba. Fili, nesa da yara, da wanda zai tare maka jama'a.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, maganar dif ce: a yi masa walda ko a bar shi, da abin da waldar ke yi wa tayoyinka a kan kwalta. Sai mun haɗu.