Haƙƙin Ƙaramin Yaro na Yin Wasa: Wayar Hannu da Amanar Reno a Dawanau



Duk wanda ya ratsa unguwannin da ke kewaye da Kasuwar Dawanau, a Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa, a lokacin kaka, zai fahimci dalilin da ya sa ake miƙa wa ƙaramin yaro waya. Maigida ya yi sammakon kasuwa, inda ake sauke buhunan riɗi da wake da zoɓo. Uwa tana fama da girki da wanki, wata ma da ƙaramar sana'arta. Ƙofar gida kuwa, wadda a da ita ce dandalin yara, manyan motoci da babura sun sa ba a sakin jiki da ita. Yaro ɗan shekara biyu ya fara rigima, sai a kunna masa bidiyo ya yi tsit. Uwa ta sami sararin aiki, amma ya kamata a tambayi abin da yaron ya rasa a cikin wannan shirun.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari game da yara 'yan ƙasa da shekara 5. Ta ce kada a zaunar da wanda bai kai shekara 2 ba a gaban waya ko talabijin. Ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada kallonsa ya wuce awa 1 a yini, in ya gaza haka ya fi. Ta kuma nemi ɗan shekara 1 zuwa 4 ya sami aƙalla minti 180 yana motsa jiki kullum. Dalilin a fili yake: harshen yaro yana buɗewa ne idan ya yi gwaranci aka amsa masa, gaɓɓansa kuma suna ƙwari da rarrafe da gudu da faɗuwa. Bidiyo ba ya sauraron yaro balle ya amsa masa.

Ɗalibin ilimi ba zai ga baƙon abu a nan ba. Hadisin Anas ya nuna yadda Annabi (SAW) yake tsokanar ƙaninsa Abu Umair game da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, har Ibnul Ƙass ya ciro fa'idoji kusan sittin daga wannan ɗan gajeren hadisi. Nana A'isha (RA) ta kasance tana wasan 'yar tsana da ƙawayenta a gidan Annabi (SAW), kuma Alƙali Iyal, daga manyan Malikawa, ya kafa hujja da wannan wajen keɓe 'yar tsanar yara mata daga hanin surori, domin tana koya musu reno. Imam Gazali ma, a Ihya'u Ulumiddin, ya yi nuni da cewa hana yaro wasa bayan makaranta yana dusashe masa basira, ya sa ya tsani karatu. Abin lura shi ne, a duk waɗannan misalai yaron ne mai aikin: shi yake riƙewa, shi yake tsarawa, babba yana gefe yana sa ido. A ganina wannan ne mizanin da ke raba wasa da kallo, kuma kiyaye shi yana cikin haƙƙin reno da fiƙihu ya ɗora wa mai riƙon yaro.

Akwai uzurin da ake yawan kawowa, wai ai karatun Alƙur'ani ko haruffa aka kunna masa. Niyya ta yi kyau. Sai dai sauraren ƙira'a ba ya buƙatar a damƙa wa yaro wayar. Ana iya ɗora ta a kan kanta, sauti yana tashi, shi kuma yana harkarsa a ƙasa. Da zarar ta shiga hannunsa, yatsa ɗaya ya isa ya kai shi wani bidiyon da ba wanda ya tantance.

Hani kaɗai ba zai wadatar ba, sai an ba yaro madadi, kuma Dawanau ba ta rasa shi ba. Karan dawa da yara ke fafe motoci da shi, gwangwanin madara, murafen kwalba, rairayi mai tsabta a kusurwar tsakar gida, duk kayan wasa ne da ba a saya; sai dai a nisanta ƙananan abubuwa da wanda ke kai komai baki. Kwanakin farko zai yi kuka, domin ya saba. Idan aka daure, aka fara da cire waya lokacin cin abinci da gabanin barci, gundurar da kanta za ta tura shi neman abin yi.

Saura batun fili, wanda ya fi ƙarfin uwa ita kaɗai. Masu unguwanni da limamai da malaman Islamiyya za su iya keɓe wani lungu da mota ba ta bi, ko harabar makaranta bayan la'asar, inda manyan yara za su yi langa da 'yar carafke, ƙanana kuma su tona ƙasarsu a gaban idon wani dattijo.